Ruwan Garinsu Iya

Kakar babana ba ta shan ruwa haka nan, sai an jefa masa kanwa. Ba da yawa ba, ɗan mitsitsi dai. Tun da na yi wayo aikina ke nan a gidanmu na Gumel: in ɗebo ruwa a randa, in ɓantari kanwa, in jefa a moɗa, in kaɗa, in miƙa mata. Iya muke ce mata gidan gaba ɗaya, har babana. Ni kuma Maigida take ce min, irin wasan nan na kaka da jika, ko da yake ni tattaɓa kunne ne.

"Maigida, wannan ruwan salam ne. Kanwar ma rowarta kake yi? Miji ba cefane, ba zane, ruwan sha ma sai an kai ruwa rana."

"To in sake ki mana, tsohuwa. Ga 'yammata can cike da layi suna jira."

"Su wa? Da waɗannan kunnuwan naka? Ƙaro min kanwa ni dai."

Da ina yaro na ɗauka magani ne. Ba magani ba ne, don har a asibiti an hana ta, saboda ƙafafunta na kumbura. Ta ce to, ta ji. Muna isowa gida ta miƙo min moɗa. Ita dai ta ce haka ruwan garinsu yake, kuma ba za ta mutu da ɗanɗanon ruwan wasu a baki ba.

Gidanmu kuwa, gidan da ɗanta ya gina, ya ware mata ɗaki mai taga biyu, har ta bar duniya "gidan mutane" take ce masa. In an ce Iya a sa miki siminti a ɗaki, sai ta ce a'a, kar a ɓata wa mutane gida. Kayanta kullum a ɗaure suke cikin wani tsohon zane a ƙarshen gado. Ta ciri abin da za ta cira, ta sake ɗaurewa. Abin yana ba mamana haushi, tana ganin kamar gori ake mata. Ba gori ba ne. Haka ta yi a duk inda ta zauna.

Labarin ta sha ba ni shi da rana a gindin darbejiyar tsakar gida, in mutane sun watse. Ba ta taɓa canja shi ba, shi ya sa ni ban yarda da masu cewa ta ruɗe ba.

Garinsu wani ɗan ƙauye ne can arewa, wajen Maigatari, dab da iyaka. Sunan ba zan rubuta ba, don har yanzu akwai mutane a cikinsa. An haife ta farkon zuwan Turawa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Bature ba tana can, sai dai ta ji manya na cewa an zo an kakkafa wasu ƙarafa a daji, wai daga nan zuwa can na wani ne, daga nan zuwa nan na wani. Su dai gero suke nomawa. Abin da ta riƙe na garin bai da yawa: kukoki, ɗaya mai kogo da zuma ke shiga, sai rijiya da gungumen itace a bakinta, wanda igiyar guga ta ci har ta yi masa zane-zane. Fuskar uwarta ta ɓace mata tuntuni. Ta ce in ta rufe ido sai dai bayan wuyanta take gani.

Sai aka yi shekarar yunwa. Gero na cikin bununi ruwa ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Rumbuna suka ƙare. Mata suka koma haƙa gidan tururuwa suna kwasar abin da ta tara, suna sussukar ƙarangiya, suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Ƙaninta na goye ya rasu. Ita lokacin haƙoranta na gaba sun faɗi, sababbi ba su fito ba, da haka take auna shekarunta.

Wata rana wasu Fulani suka tsaya a rijiyarsu da ragowar shanunsu, za su yi kudu. Ta ga babanta ya ja ɗaya daga cikinsu gefe sun daɗe suna magana. Da ya dawo ya kama hannunta ya sa a hannun matar Bafillacen.

"Ki bi Goggonki, za ki sha nono. In ruwa ya sauka zan zo in ɗauke ki."

Uwarta ta matsa bakin rijiya. Guga ta zura, ta jawo, ta kafa mata a baki. Sai da ta ga ta ƙoshi ta ce, "Ƙara, hanya da nisa." Ta ƙara. Ruwan rijiyar nan zartsi ne, gishiri-gishiri, ɗaci-ɗaci. Shi ne abu na ƙarshe da ta samu daga hannun uwarta.

Iya ba ta taɓa zagin Fulanin nan ba. Ta ce abin da 'ya'yansu suka ci shi ta ci. Ta iya Fillanci, ta iya tatsa, ta iya tallan nono, har ta tsufa in ta ji haushi da Fillanci take faɗa. Amma ruwa ya sauka, babanta bai zo ba. Yaya ma zai same su? Mutanen da yau suna nan, jibi sun tashi. Ta ce duk ranar da za a kwashe ruga sai ta yi ta kuka, wai babanta zai zo bai tarar da ita ba. Sai ta riƙa ƙulla ciyawa a bakin hanya, tana juya kan ƙullin wajen da suka nufa. Ba wanda ya koya mata. Shanun da ke baya ma su suke cinye ciyawar, tana gani, amma ba ta fasa ba.

Kanwar kuma ga yadda ta samo asali. Wata shekara an jiƙa wa shanu kanwa a komi, ita ta dawo daga kiwon maruƙa da ƙishirwa, ba ta tsaya neman ƙwarya ba ta kafa kai ta sha. Ta ce ruwan na taɓa harshenta sai ga garinsu gaba ɗaya, kukokin, gungumen, muryar uwarta. Ta zauna a wurin tana ihu har aka ɗauka maciji ne ya sare ta. Daga ranar ta fara ƙulla guntun kanwa a bakin zane.

Ta yi aure a wajen Gagarawa, shekarun da ake ta zancen za a kawo layin dogo. Mijin manomi ne, a gonarsa suke sauka bayan kaka shanu su zuba masa taki. Ta ce ita ta nuna tana so.

"Na ce ga mai gidan da ba ya tashi. Babana in ya zo zai same ni wuri ɗaya."

"Ba don kyau ba ke nan?"

"Ya fi ka dai. Shi ko ba komai yana da jaki."

Ta roƙe shi ya kai ta garinsu. Sunan garin kaɗai ta sani, hanya ba ta sani ba, kuma mace ba ta kama daji ita kaɗai. Ya ce bayan kaka. Kaka ta zo ga ciki, wata kakar ga goyo, wata kuma jakin ya mutu. Duk fataken da suka sauka a garin sai ta aika a tambaye su. Wani ya ce ya san wurin, ai mutanensa sun watse tun yunwa. Wani ya ce ƙarya ne, bara ma ya kwana a can. Haka har mijin ya rasu. Ta sake aure a Ɗanzomo, shi ma ta binne shi. Ta zauna wajen 'yarta a Sule Tankarkar, daga nan ɗanta, wato kakana, ya ɗauko ta ya kawo ta Gumel. Duk inda ta sauka abin da take fara yi ɗaya ne: a ba ta ruwan garin, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce salam. Ta taɓa ce min, "Na ci, na sha, na haifa, na ga jikoki. Zama ne dai ban yi ba."

Kuma ba wai ba a taɓa kai ta ba. Kafin a haife ni kakana ya bincika, aka ce masa ai garin na nan da sunansa. Ya ɗauke ta suka je. Aka kawo ruwan baƙi, ta kurɓa, ta ce ba nan ba ne. A gaban mai gari, a gaban kowa. Kakana kunya ta kama shi, ya ba da haƙuri, ya sa ta a mota suka juyo. Tun daga nan magana ta zauna a gidanmu: Iya yarinya ce lokacin, ta manta, ko sunan ne ta rikita. In ta tayar da zancen sai a ce to Iya, sai an samu hali.

Kakana ya rasu ya bar ta. Idonta ya yi rauni, tafiya sai da sanda da bango. A nan ne abin ya tsananta. Da sai jifa-jifa take zancen, yanzu kullum. Ina sakandare lokacin, ina dawowa tun daga zaure zan ji ta.

"Maigida, in kai namiji ne ka kai ni gida."

"Da wace motar, Iya?"

"Goya ni. Ai ban kai buhun gero ba."

Tana faɗa tana dariya, amma in na miƙa mata moɗa sai ta riƙe min hannu ta ƙi saki. Na dami babana. Ya ce, "Kai, an kai ta fa. Ba a haife ka ba, ba ka san abin da aka yi ba." Na ce to a sake kai ta mana, in ta ce ba nan ba ne ai ba a kashe kowa ba. Ya ce in fita in ba shi wuri. Na bari kwana biyu na dawo. Ina jin abin da ya karya shi ba nacina ba ne. Wata safiya ce ya shiga gaishe ta, ta ce masa, "Alhaji, in na mutu a nan, ka roƙar min masu gidan su yafe min daɗewar da na yi." Da aka gama girbi ya aro motar abokinsa.

Mu uku muka tafi. Ta ce sai an sa mata ƙullin kayanta a mota. Babana ya ce Iya yau za mu dawo fa. Ta ce ku dai za ku dawo.

Mun wuce Maigatari muka saki kwalta, muka shiga yashi. Garin ba wani babba ba ne. Dattawa na zaune a ƙofar gidan mai gari, aka shimfiɗa mana tabarma, aka yi ta gaisuwa. Sai ga yarinya da kwanon ruwa. Na ga babana ya runtse ido.

Ta kurɓa. Ta juya shi a baki. Ta tofar gefe.

"Salam."

"Iya, don girman Allah," in ji babana ƙasa-ƙasa, "a gaban mutane muke."

"To in yi ƙarya? Ba nan ba ne. Ruwan garinmu zartsi ne."

Wani tsoho da ke jingine da bango yana gyaran igiya ya ɗago kai. Dariya ma ya yi.

"Zartsi? Baaba, ai kufai kike nufi."

Babana ya ce wane kufai?

"Tsohon gari mana. Yana can gaba. Iyayenmu ne suka taso daga can. Bayan yunwar nan waɗanda suka rage suka dawo, aka haƙa rijiya a nan aka dace da ruwan daɗi, sai kowa ya kwashe dangarsa. Wa zai zauna kan ruwan da in ka sha ƙishirwa ce ke ƙaruwa? Babana har ya mutu yana tsine wa rijiyar nan."

"To sunan fa?" na tambaya. "Ai sunan na can ne."

"Yaro, sunan ai namu ne. Da shi muka taho. Mu bar wa kuka?"

Aka yi dariya. Babana bai yi ba. Na san abin da yake tunani, mahaifinsa yake tunani, da ya zo har nan ya juya. Duk mai tambaya da suna yake tambaya, su kuma da suna suke amsawa, gari kuwa ya ɗauki sunansa ya matsa. Ba wanda ya yi ƙarya. Ita kaɗai ce ke tambaya da ruwa, ita kuma ba a bari ta ƙarasa magana.

Iya ta faɗi sunan babanta da na uwarta. Dattawan suka dubi juna. Aka aika cikin gida wajen wata tsohuwa da aka ce ta fi kowa shekaru, ta ce ba ta taɓa ji ba. Tsohon nan ya ce, "Baaba, ki yi haƙuri. Waɗanda ba su dawo ba sun fi waɗanda suka dawo yawa."

Mota ba ta shiga hanyar kufan, sai aka ɗaura mana amalanken shanu. Muka shimfiɗa mata bargo, na zauna a bayanta ta jingina da ni. Ban taɓa ganin ta haka ba. Tana yi wa shanun magana da Fillanci, tana tsokanar mai amalanken wai bai iya kora ba. Ta gyara ɗankwali, ta shafa fuska, ta juyo.

"Maigida, duba min, fuskata ba komai?"

"Tas take, amarya."

"Kar su ce an bar ni da yunwa a gidan mutane."

Na buɗe baki zan ce su wa, babana ya dube ni, na fasa.

Kufan gona ce. An yanke gero, sai kara a kwance da tsingaro birjik a cikin yashi. Kukoki na nan, amma da yawa, wasu a tsaye wasu sun faɗi sun ruɓe. Muka sauke ta. Ba ta gani sosai, sai ta ce in gaya mata.

"Akwai mai kogo?"

"Akwai, Iya."

"Zuma na shiga?"

"Babu zuma. Kuma masu kogon ba ɗaya ba ne."

Ta ce a kai ta jikinsu. Muka bi da ita tana shafawa, wannan ta ce kamar ita ce, waccan ma ta ce kamar ita ce. Daga baya ta ture hannuna.

"Ku bar itace. Ku kai ni rijiya."

Mai amalanken ya nuna wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, sabara ta fito a tsakiya. Ya ce nan aka ce musu. Ba gungume, ba rami, ba komai. Yashi ya cike ta tun kafin a haifi ubansa.

Na gaya mata. Ta ce, "Ku haƙa."

"Iya," in ji babana, "rijiyar ƙasar nan ba a haƙa ta da hannu. Aikin watanni ne."

"To a fara. Ina nan."

"Ba gonarmu ba ce."

"Kurɓi ɗaya, Alhaji. In kurɓa in sani. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Babana mutum ne mai faɗa, a ofis ma tsoronsa ake ji. Ranar na ga ya tsuguna a gabanta. Ita kuwa ta zame ta zauna a bakin wurin, ta fara tonon yashi da hannu. Na tsuguna na taya ta, ban san me nake yi ba. Muka tona har yashin ya fara sanyi, hannuna ya shige zuwa gwiwar hannu. Ta ɗebi na ƙasan ta ɗora a harshe. Ta daɗe tana juya shi.

"Iya, me kika ji?"

"Ƙasa."

Ta ce mu tafi mu bar ta da ƙullinta. Da gaske take. Rana ta yi sanyi, mai amalanke na son komawa. Babana ya lallashe ta, ya haɗa ta da Allah, ta ƙi. Ƙarshe ɗaukar ta ya yi cak, ba ta da nauyi. Ba ta yi kokawa ba. Ta dai juya kai baya har kukokin suka ɓace, ko da yake na san ba ganinsu take ba.

Mun yi nisa a hanya. Sai ta ce, a hankali, ni kaɗai na ji:

"Maigida, ashe su ba sa son ruwan."

Can ta ƙara da cewa:

"Gudunsa suka yi. Ni kuma na ɗauke shi ina ta yawo."

Washegari na haɗa mata moɗa kamar kullum, ta ce in zubar, in kawo na randa haka nan. Ta sha, ta yamutse fuska. Kwana biyu tana haka, mamana har ta fara murna ƙafa za ta saɓe. Sai wata rana da hantsi ta ƙwala min kira, ta ce ina kanwarta, ko na sayar na yi toshi? Na kawo. Ba ta sake cewa a kai ta gida ba. Ƙullin kuma bai kwance ba. Wani lokacin ina zaune sai ta ce, "Anya wurin ne kuwa? Mai amalanken nan yaro ne." In ce wurin ne, Iya. Ta ce, "Kai ma ai ba ka sani ba." Gaskiyarta, ban sani ba.

Da damina ta rasu, a ɗaki mai taga biyu. A Gumel aka binne ta. Da aka kwance ƙullin ba wani abu a ciki, zannuwa ne, da carbi, da ludayi, da kanwa.

Yanzu ina Kano, na sauya ɗaki ya fi a ƙirga, in an tambaye ni ɗan ina ne in ce Gumel ba tare da wani tunani ba. Kwanaki na tsaya sayen kayan miya na ga kanwa a faranti, na sa aka ƙulla min. Na zo ɗaki na fasa ledar ruwa a kofi, na jefa ɗan mitsitsi, na kaɗa yadda nake mata. Wallahi ba daɗi. Ɗaci-ɗaci, yana kama maƙogwaro. Na zauna bakin katifa na shanye.